Yaya Ƙafar Inna?

Tankin ruwan gidan hayar su Tsalle yana kan ƙafafun ƙarfe ne a bayan ɗakin Inna, kuma ɗaya daga cikin ƙafafun ta fara durƙusawa. Tsatsa ta cinye ta daga ƙasa, in ka sa farce sai ta ɓare kamar ɓawon burodi. Duk sanda aka kunna inji tankin ya cika, sai ƙarfen ya riƙa wani kuka a hankali kamar tsohuwar ƙofa. Gadon Inna kuwa a jikin wannan bangon yake, don babu wani wurin da gado zai shiga a ɗakin.

Tsalle ne autanta. Tun a makaranta ya samo sunan, saboda bai iya zama wuri ɗaya ba, makarantar ma bai zauna ya gama ba. Wankin mota yake yi a bakin titi. Da rana hannunsa na cikin kumfa, hankalinsa na gindin tanki.

Kowa a gidan ya san halin da ake ciki, kuma kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, saboda abin da ya sami Tela. Tela ne ya ɗauki hoton ƙafar tankin ya sa a guruf ɗin unguwa, da sunansa da lambarsa da hotonsa sanye da sabuwar hula. Wata bai ƙare ba ejan ɗin mai gidan ya kawo masa notis, wai za a yi gyara a ɗakinsa. Tela ya kwashe keken ɗinkinsa da 'ya'yansa ya tafi. Gyaran da aka yi shi ne sabon kwaɗo a ƙofa. Tun daga nan, in tankin ya yi kukansa, sai mutanen gidan su ƙara muryar rediyo.

Tsalle ya kai kukansa wurin Injiniya, mai gyaran waya da ke da ɗan shago a gefen wurin wankin motar. Injiniya bai ɗago daga wayar da ya farke ba, ya ce ai Tela ne ya yi wauta, wa yake magana da sunansa a wannan zamanin? Ya ce akwai wata hanyar sadarwa da ba ta da mai ita. Babu kamfani, babu ofis, ba a tambayarka suna ko lambar waya. Saƙonka yana bi ta wayoyin mutane ne, wannan ta miƙa wa waccan, kowace ta riƙe kwafi. Babu wanda za a je a buga wa tebur a ce ya faɗi wanda ya rubuta, kuma babu mai iya gogewa. A ciki akwai zaure na mutanen garin nan, kuma ana cewa har 'yan jarida da masu duba gine-gine suna leƙawa.

"Babu mai iya gogewa?" in ji Tsalle.

"Ko kai da ka rubuta," in ji Injiniya.

Wannan maganar ta yi wa Tsalle daɗi har ya manta da motar da ya bari da sabulu a jiki, sai da ogansa ya ƙwala masa kira.

Shigar ita kanta wahala ce. Wayar Tsalle tsohuwa ce, ta ce ba wuri, sai da ya goge waƙoƙinsa da bidiyon ƙwallo da ya daɗe yana tarawa. Manhajar ta sauka, ta yi ta juya wani ɗan zobe a allo har ya ji kamar ya jefa wayar a bokiti. Da ta buɗe, sai ta jero masa wasu kalmomi marasa kai da gindi ta ce ya haddace, in sun ɓace shi ke nan, ba wanda zai je wa kuka. Shi da ya gudu daga makaranta saboda hadda, ga ta ta biyo shi har wurin wankin mota. Wayar ta riƙa zafi kamar dutsen guga, caji yana zuba, data tana tafiya kamar ruwa a kwando. A madadin suna aka ba shi wasu haruffa da lambobi da ko shi bai iya faɗa ba.

Amma ya yi taka-tsantsan, wannan kam ba a ƙwace masa. Bai ɗauki hoton daga tagarsu ba, sai da ya zagaya layin baya ya ɗauka ta saman katanga, inda kowane mai wucewa zai iya ɗauka. Ya faɗi layin da launin ƙofar gidan. Bai ce shi ɗan haya ba ne, bai ambaci uwa ba, bai ambaci ɗaki ba. Ya rubuta cewa akwai tanki da ke shirin faɗowa a kan mutane, kuma wanda ya fara magana an kore shi. Ya tura, ya sa wayar a aljihu, ya fito da ita, ya mayar, ya sake fitowa da ita.

Shiru. Mutanen zauren suna ta musun ƙwallo. Wani yana tallar takalma. Wani kuma ba shi da aiki sai sa hoton kyanwarsa. Sai washegari wani ya amsa da cewa wa ya sani ko hoton na wani gari ne. Wani ya ce wannan ɗan haya ne da ya kasa biya yake neman ɓata mai gida. Tsalle ya rubuta zagi mai tsawo, ya karanta, ya fasa turawa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a unguwa in ya yi magana an san shi, an san ba maƙaryaci ba ne. A nan kuwa shi da mai kyanwa darajarsu ɗaya. Ya ɓoye sunansa don ya sami bakin magana, ga shi rashin sunan ya sa ba mai saurarensa.

Daga baya wani mai rubutu a natse ya ce masa murya ɗaya ƙiyayya ce, amma in wasu mazauna gidan suka shigo suka faɗi abin da suka gani, za a ɗauki maganar da nauyi.

Haka Tsalle ya shiga bin ɗaki ɗaki yana raɗa. Yawanci suka ce ba ruwansu. Nas ɗin da ke ɗakin ƙofa ta yarda, ta sa abin a wayarta da kanta ba ta nemi taimako ba. Sai Baba Direba.

Baba Direba tsohon direban babbar mota ne, ido ya hana shi tuƙi, ya dawo zaman benci a tsakar gida. Mutum ne da ko kaza ya gamu da ita sai ya tambaye ta yara. Shi ya raka gawar mahaifin Tsalle, kuma shi yake kawo wa Inna man zafi in gwiwarta ta tashi. Maganar tankin ta daɗe tana damunsa, don haka bai yi gardama ba, ya miƙa wayarsa. Tsalle ya sa masa komai, ya ƙara masa girman rubutu, ya nuna masa saƙonsa ya ce wannan nasa ne, a ƙarƙashinsa zai rubuta. Sannan ya karanta masa doka: ba suna, ba lambar ɗaki, ba nuna an san juna.

"To in na shiga wa zan gaisar?" in ji Baba.

"Ba kowa, Baba."

"Wuri cike da mutane, in faɗa musu kamar ɓarawo?"

"Haka ake so."

Baba ya kalle shi ta saman tabarau. "Ku yaran nan kun mai da rashin kunya ilimi."

Duk da haka ya bi dokar. Ya kwashe rabin yini yana danna harafi ɗaya ɗaya da ɗan yatsa, ya rubuta cewa shi ma yana jin kukan ƙarfen, kuma ya yi shekaru yana ɗaukar kaya, ya san ƙarar abin da ya gaji. Nas ta rubuta nata, ta sa bidiyon ruwa yana ɗiga ta jikin ƙarfen. Daga nan magana ta kama wuta. Mutane suka riƙa kwafa suna kai wa wasu zauruka, har ta fita ta koma guruf ɗin unguwa, wannan karon ba sunan kowa. Aka fara ganin baƙi suna tsayawa a layin baya suna ɗaga kai. Ejan ya zo gidan yana zare ido, ya tambayi wannan ya tambayi wancan, kowa ya ce shi wayarsa ko hoto ba ta ɗauka. Ya tafi yana huci.

Kwanakin nan Tsalle ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya gaya wa Injiniya cewa ko mai gidan zai sayar da duk gidajensa ba zai iya cire harafi ɗaya ba. Injiniya ya ce ya rage murya.

A cikin wannan satin gwiwar Inna ta kumbura, ko banɗaki sai da sanda. Baba Direba kuma ya tafi wurin 'yarsa a wani gari don a duba masa ido, ya bar Inna a kwance.

Rana tsaka Tsalle yana goge gilashin wata mota wayarsa ta yi motsi. Ya goge hannu a wando ya duba. Sabon saƙo ne a ƙarƙashin nasa, a tsakiyar zaure, inda duk garin ke gani:

"Sannu da ƙoƙari ɗana, Allah ya yi maka albarka. Yaya ƙafar Inna? Ta ci gaba da shafa man. Kuma don Allah ku ja gadonta daga jikin bangon tankin kafin in dawo, abin yana hana ni barci."

Tsalle ya karanta, ya sake karantawa. Tsumman hannunsa ya faɗi cikin kwata. A duk gidan tsohuwa ɗaya ce mai ciwon ƙafa, ɗaki ɗaya ne a jikin bangon tanki, kuma ɗa ɗaya ne a ɗakin.

Ya faɗa shagon Injiniya da kumfa a gwiwar hannu ya ce a goge. Injiniya ya karɓi wayar, ya karanta, ya yi ɗan tsaki, ya miƙa masa. Ya ce zai iya ɓoye saƙon daga idonsa shi kaɗai, in hakan zai sanyaya masa rai, amma yanzu yana cikin wayoyin da ba su ƙirguwa. Tsalle ya ce to a kira masu abin. Injiniya ya ce wa za a kira? Ai abin da ya burge shi ke nan tun farko. Tsalle ya ce a rufe zauren, a lalata wayar Baba daga nesa, a yi wani abu dai, ba shi ne injiniya ba? Injiniya ya ce shi allo yake canjawa da bakin caji, kuma don Allah ya matsa kumfa na ɗiga a kan wayar mutane.

Ya fita bayan shagon ya kira Baba. Sai da tsohon ya tambaye shi aiki da gajiya da ogansa, Tsalle yana cije leɓe, sannan ya samu ya sa baki.

"Baba, me ka rubuta?"

"Gaisuwa ce. Ban kira sunan kowa ba, ka duba."

"Ka ce Inna."

"To wa ba shi da inna?"

"Ka ce ƙafa. Ka ce gado a jikin bangon tanki. Me ya hana ka kira ni a waya?"

"Ai kai ka ce waya ana saurare, can ne ba wanda ya san mu." Muryar tsohon ta sauka. "Na yi ɓarna ko?"

Tsalle ya katse kiran, abin da bai taɓa yi wa babba ba.

Ya yi ta lallashin kansa cewa wataƙila ejan ba ya shiga irin wuraren nan, mutum ne da ko saƙo sai yaronsa ya karanta masa. Bai gaya wa Inna komai ba. Ya dai yi ƙoƙarin jan gadon, ya matsa ɗan taƙi, ƙofa ta ƙi rufuwa, ya mayar.

Ejan ya zo da hantsi ranar da Tsalle yake hutu. Wannan karon bai zare ido ba. Ya yi sallama, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe da Inna kamar ɗan da ta haifa.

"Inna, yaya ƙafar?" ya ce, idonsa na kan Tsalle. "Ana dai shafa man ko?"

Inna ta ce da sauƙi, ta yi masa godiya, har ta ce Tsalle ya kawo masa ruwa. Ejan ya ce a bar shi. Ya ce mai gida ya ji labarin gadonta yana jikin bango mai haɗari, abin ya dame shi ƙwarai, kuma tunda an ce a ja gadon, shi ya ga gara a ja shi gaba ɗaya. Za a yi gyara a ɗakin. Zuwa ƙarshen wata su nemi wani wuri, don lafiyarta.

Tsalle ya miƙe ya ce da wace hujja. Ejan ya ce hujjar me? Shi bai zargi kowa da komai ba, gyara ne, ko gyaran ma laifi ne yanzu? Ya sa takalminsa a natse, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita.

Dole Tsalle ya zauna a bakin gado ya warware wa Inna komai, tun daga Injiniya har saƙon Baba. Ta saurara tana murza gwiwa. Ba ta gane yadda wuri zai kasance ba mai shi ba, kuma ba ta tambaya ba. A wannan ɗakin ta yi zaman aure, a nan ta yaye shi, ƙusar da mijinta yake rataye riga tana nan a bango.

"Ni da ka tambaye ni, Auta," ta ce, "da na ce maka tankin bai kai yawon neman ɗaki ban tsoro ba."

"Zai faɗo miki, Inna."

"Na sani. Ai ni nake kwana a gindinsa."

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ya koma zauren ya rubuta cewa an kore su. Amsoshi suka yi ta zuba. Wannan ya ce Allah ya isa, wancan ya ce a yi haƙuri ɗan'uwa, wani ya ce a kai ƙara, bai faɗi ina ba. Wani mai ilimin abin ya rubuta dogon bayani cewa laifinsa ne, ba a shigo da dangi irin wannan wuri. Mai kyanwa ya sa hoton kyanwa tana kuka. Duk cikinsu ba mai ɗaki, ko in akwai, ba wanda zai faɗi inda yake. Tsalle ya yi kwanaki yana tashi daga aiki yana bin layi layi, ɗakin da ya samu ko dai a saman bene ne da Inna ba za ta iya hawa ba, ko mai shi ya ji daga gidan da suka fito ya ce an riga an kama. A ƙarshe yayarsa da ke aure a can ƙarshen gari ta kwashe tarkacen ɗakin ajiyarta ta ce Inna ta zo, Tsalle kuma ya riƙa shimfiɗa a ƙasa.

Ranar da suke kwashe kaya, ranar masu walda suka iso. Maganar ta yi yawa a gari, mai gida ya ga ba makawa. An zubar da ruwan tankin, tsakar gida ta jiƙe, ana ta sauke sababbin ƙarafa masu jan fenti. Tsalle ya fito da katifa a ka, ya tsaya yana kallon tartsatsin wuta yana tashi a bayan ɗakin da ba nasu ba yanzu. Nas ta wuce za ta aiki, ta taɓa masa kafaɗa. Sauran maƙwabta suka fito suna yaba aikin, wani har yana cewa dama ya san mai gidan mutumin kirki ne.

Baba Direba ya dawo, ido ɗaya a rufe da bandeji. Bai ce a ba shi ba, ya kama ƙarshen gadon Inna, Tsalle ya kama ɗayan, suka fitar da shi a karkace ta ƙofar. Har suka ɗora a mota Tsalle bai dube shi ba. Tsohon ya gyara igiyar da aka ɗaure kayan da ita, ya ce wa mai motar ya bi a hankali wajen ramin da ke bakin layi. Inna tana gaban mota tana kallonsu ta madubi.

Ɗakin gidan Yaya ƙarami ne, yana warin fenti da tsofaffin takalma. Bayan kwana biyu, da yamma, Tsalle yana zaune a bakin ƙofa da niyyar cire manhajar daga wayarsa ya huta da zafinta. Kafin ya danna, sai ga sabon saƙo a zauren, a ƙarƙashin nasa, a gaban kowa:

"Ɗana, an gama tankin. Kun sauka lafiya? Yaya ƙafar Inna?"

Tsalle ya yi tsaki mai ƙarfi har Inna ta tambayi lafiya. Ya ce Baba ne, bai daddara ba, ya sake yi a cikin mutane. Ta ce ya karanta mata. Ya karanta.

"To me kake jira?" ta ce.

"Inna, duk gari ke gani. Kuma ba ya goguwa."

"Yanzu me ya rage da za su gani? Mutum ya gaishe ka, ka amsa masa."

Wayar ta yi zafi a hannun Tsalle, cajin ya koma ja. Ya rubuta: "Lafiya lau, Baba. Ƙafa da sauƙi." Ɗan zoben ya fara juyawa, yana neman wayar da za ta karɓa ta miƙa gaba.

"Ka tambaye shi idon," in ji Inna.